Ƙodar Ƙanin Miji

A majami'armu ta Gusau, idan aka ce a sami wadda za ta yi addu'a, ba a waige-waige, ni ake kallo. Ba don na fi kowa tsarki ba, a'a, baki na fi kowa. Ni ce mai buga tulu a zumuntar mata, ni ce mai ba da waƙa, kuma idan na kama addu'a sai tuwon wasu ya huce a gida. Na yi shekaru ina shiga gidajen marasa lafiya, in dafa kafaɗar matansu in ce, "Ki dogara ga Ubangiji, 'yar'uwa." Maganar tana fita daga bakina sumul, ko tuntuɓe babu. Ban san nauyinta ba sai ranar da aka juyo aka faɗa mini ita.

Maigidana malamin gona ne na gwamnati, a Bungudu yake aiki, kullum ya hau babur ya je ya dawo. Mutum ne marar hayaniya. Maƙwabta suna cewa da irina Allah ya ba ni, da tuni rufin gidan ya tashi. Ciwon ya fara masa da kumburin ƙafa, na ce zaman babur ne. Ya hau fuska, na ce ƙiba ce, har ina yabon girkina a gaban mutane. Sai wata Lahadi ya kasa sa takalminsa na zuwa sujada. Muka je asibiti, aka ɗebi jini, aka yi hoto, likita ya zaunar da mu ya ce ƙodojinsa duka biyu sun gaji, kuma ba za su tashi ba. Za a riƙa yi masa wankin ƙoda, wato a jona shi da inji yana tace masa jini, amma wannan riƙon ƙwarya ne kawai. Maganin shi ne dashe: a sami mai lafiya wanda jininsu ya dace, ya yarda a cire tasa guda a sa masa.

"Ga ni," in ji ni, tun likita bai rufe baki ba. Har da buga ƙirji.

Aka gwada ni. Jininmu bai dace ba, ga kuma hawan jini da ban san ina yawo da shi ba. Likita ya ce, "Mama, ke ma taki lallaɓa ta za ki yi." Na yi kuka sosai a wurin, kukan gaske. Amma can ƙasan cikina na ji wata 'yar ajiyar zuciya da ban gayyata ba, don ni ko allurar zazzaɓi sai an riƙe ni. 'Ya'yanmu kuwa ƙanana ne, babban yana sakandare. Likita ya ce ɗan'uwa na jini shi ya fi, ya tambaya ko akwai. Akwai guda ɗaya, uwa ɗaya uba ɗaya. Kafin in buɗe baki maigidana ya taka mini ƙafa da kumburarriyar ƙafarsa.

A gida ya ja mini kunne. "Kada ki kuskura ki yi masa maganar nan. Shi ke riƙe da gidan babanmu, ƙarfinsa ne abincin 'ya'yansa. Ni ne babba, ni ya kamata in ba shi, ba in karɓa ba." Daga nan duk wanda ya kira daga ƙauye ya ce ya jiki, sai ya gyara murya ya ce da sauƙi. Mutum yana kwance ko kofin ruwa an hana shi cikawa, amma da sauƙi.

Sai na koma ga abin da na iya. Ni malamar firamare ce, na saba da tsara wa mutane aiki, don haka na tsara wa Ubangiji nasa tsaf. Na farko, ya ta da ƙodojin nan su kama aiki, likita ya riƙe baki, ni kuma in tsaya gaban ikilisiya in ba da shaidar da za a daɗe ana maganarta. Har zanen da zan ɗaura na zaɓa. Idan wannan bai yi masa ba, to ya taɓa zuciyar wani ɗan'uwa cikin ikilisiya, ya zo da ƙafarsa ya ce ga tasa. Na yi azumi, na sa mata suka yi azumi. Fasto ya sanar daga kan mumbari, aka yi addu'a har kwanon rufi yana amsawa. Maganar kuɗi kuwa, ikilisiya da abokan aikinsa sun tsaya mana tsayin daka, wannan labari ne daban. Amma da aka tashi sujada, kowa ya riƙe hannuna ya ce, "Muna tare da ku, Mama," ya tafi gida da ƙodarsa biyu.

Yanzu ban ga laifinsu ba. A lokacin kam na gani. Na koma ina zama a sujada, fasto yana wa'azi, ni idona yana kan bayan mutane. Samarin mawaƙa su miƙe, ina auna su ɗaya bayan ɗaya kamar mai zaɓen rago a kasuwar Mada: wannan ya cika rama, wancan idonsa ja ne, wa ya san abin da yake sha a ɓoye, wancan na ƙarshe kuwa, kai, ga ƙirji ga lafiya, Ubangiji, me kake jira? Wata rana wani bawan Allah ya waiwayo ya kama ni na ƙura wa kwiɓinsa ido. Ya gyara riga, ya sake benci.

Ƙanin mijin nawa manomi ne a wani ƙauye bayan Tsafe, ta wajen 'Yankuzo. Musulmi ne. Gidansu haka yake tun kan iyaye, wasu coci wasu masallaci, su aiko mana naman layya, mu aika musu shinkafar Kirsimeti. Ni da shi kuwa wasa ne tsakaninmu, irin na matar wa da ƙanin miji. Tun ranar da aka kai ni gidan ya leƙa mayafina ya ce an cuce su, sun biya sadakin mace an kawo musu rediyo. Ni kuma nake ce masa rago, alhali ban taɓa ganin mai cin ƙasa da fartanya irinsa ba. Fiye da shekara ashirin ba mu taɓa yi wa juna magana madaidaiciya ba. Ko da na haihu, barkarsa ita ce Allah ya sa yaron bai ɗauko bakin uwarsa ba.

Da faɗuwar damina ya zo duba wansa, da kaji biyu ɗaure a bayan babur. Falon cike yake da maƙwabta masu gaisuwa. Ya durƙusa ya ce, "Yaya, ya jiki?" Aka ce masa da sauƙi. Ina shigowa da ruwa ya nuna ni ya ce, "Ga ciwon nan shina tafiya da ƙafa biyu. Wagga mata ita ta ƙarar da kai da surutu."

Nan take wata dabara ta faɗo mini, har na ɗauka Ruhu Mai Tsarki ne ya ba ni. Na dire kofin na ce, "Kai kuma ka kwaso mana kaji, wa ya ce maka kaza muke nema? Ƙoda muke nema. Ba ni taka guda."

Ya daki cinya. "Guda tak? Ɗauki duka biyun, in ƙara maki da hanta, ki yi mashi tsire!"

Falo ya kwashe da dariya. Maigidana ya watso mini wani kallo, na yi kamar ban gani ba, na fi kowa ƙyaƙyatawa. Na koma kicin ina jin kaina mace mai hikima. A lissafina ban karya dokar maigida ba, tunda wasa na yi. Kuma ƙanin ya amsa, gaban shaidu ma. Kun ji fa, da baki ɗaya na mai da magana wasa a wurin mijina, na mai da ita alkawari a wurin ƙaninsa, kuma ban ga wata matsala ba.

Ranar taron zumunta na miƙe na ba da shaida cewa Ubangiji ya tanada, an sami mai ba da ƙoda. Mata suka rangaɗa guɗa, na rungumi tulu na buga har tafin hannuna ya yi ja. Na je wurin likita aka sa ranar gwaji. Na kira ƙanin mijin nawa na ce, "Rago, ranar Talata ka zo asibiti da ƙodar nan tawa." Ya ce, "Har da yaji zan taho maki." Na kashe waya ina cewa na gode Yesu.

Ranar Talata na ci ado na zauna a bencin asibiti tun safe. Duk babur da ya shigo sai na miƙa wuya. Da rana ta take na kira shi.

"Kana ina?"

"Ina gona mana. Ina za ni da wanga ruwa da aka samu jiya?"

"Ba mun yi da kai yau za a ɗebi jininka ba?"

Ya yi dariya. Da ya ji ban taya shi ba sai dariyar ta tsaya. Can ya ce, da wata murya da ban san shi da ita ba, "Matarmu, wai da gaske kike?"

Ga ƙofa a buɗe, kalma ɗaya ta rage. Na buɗe baki in ce e. Abin da ya fito shi ne, "Rago kawai, dama na san tsoron allura kake." Ya yi wata busasshiyar dariya, ni ma na yi, muka ajiye waya. Na zauna a bencin nan da gwaggwarona, ni sarauniyar magana, ina jin kamar ƙasa ta tsage in shige.

Daga nan zuwa majami'a ya zame mini aiki. Mata su tare ni da murna, "Mama, yaya mai ba da ƙodar?" In ce yana shiri. Na ba wata tulun na ce hannuna ke ciwo. Sannan na shiga gaba da Ubangiji, gaba sosai, irin wadda mace ke yi da miji: ana gida ɗaya, ana ajiye abinci, ba a magana. In durƙusa da safe kamar kullum, in yi shiru, in tashi ina buga kwanoni don ya san da ni. A ganina shi ya kunyata ni. Ko sau ɗaya ban tsaya na tambayi kaina wa ya aike ni ba da shaida ba.

Shi kuwa maigida yana ta zubewa. Ranar wanki in raka shi, a jona masa robobi, jininsa ya fita ya zaga inji ya dawo, ya tashi jiri na ɗibarsa. Wuyan rigarsa ya yi masa yawa, ƙafa kuma ba ta shiga komai sai silifa. Akwai wani dattijo da muke haɗuwa da shi a ɗakin wankin, mai son hira. Wata rana muka tarar da wani a gadonsa, ba wanda ya tambaya, ba wanda ya yi bayani. A ranar ne maigidana, yana tsotsar ɗan guntun ƙanƙara don ƙishi, ya ce mini a hankali, "Ki daina wahalar da kanki. In lokaci ya yi, ya yi. Ni na shirya."

"To ni ban shirya ba!" Na faɗa da ƙarfi har nas ta leƙo.

Na fita baranda na zauna. A nan gabar da nake yi da Ubangiji ta ƙare, ba don na huce ba, don ba ni da wani wurin zuwa. Ban iya jera komai ba, babu kirari, babu doguwar gabatarwa irin tawa. Na ce, "Ubangiji, tsoro nake ji." Ina faɗa na ji kunya, don na gane tsoron me nake ji. Ba mutuwar ce kaɗai ba. Tsoron in tambayi mutum ido da ido ya ce mini a'a nake yi. Ubangiji kam zan iya yi masa ihu daga safe har yamma, tunda ba na ganin fuskarsa lokacin da yake ƙi. Wata da watanni ina ɓuya a bayan addu'a ina kiran abin bangaskiya, alhali aiken da ke gabana bai wuce kuɗin mota zuwa Tsafe ba.

Washegari na ce wa maigida za ni ƙauye. Bai tambaye ni dalili ba. Ya juya fuskarsa bango.

Hanyar nan a shekarun nan ba a shigarta sai rana ta fito sosai saboda 'yan bindiga, kuma ba mai hira a mota. Muka wuce gindin dutsen Kwatarkwashi kowa bakinsa yana motsi, na kusa da ni yana jan carbi, ni ina kiran Yesu a zuci. A Tsafe na hau kabu-kabu, muka yi ta ratsa gonaki cikin taɓo. Na tarar da ƙanin mijin nawa ya dawo daga gona yana wanke ƙafa a tsakar gida, matarsa, faccalata, tana daka a gefe. Yarinya ce a kaina nesa ba kusa ba, marar magana, Yaya take ce mini.

Yana ganina ya washe baki. "A'a! Wa ya kunna rediyo da hantsi? Ku ɓoye hura, ga mai cinyewa ta iso!"

Na tuɓe takalmi, na zube a gabansa gwiwa biyu, cikin laka. Ni ba ƙaramar mace ba ce, kuma gwiwoyin nan sun saba da tabarmar ɗaki, ba tsakuwa ba. Suka yi wata ƙara da kowa ya ji. Na ce, "Malam, wurinka na zo."

Taɓarya ta tsaya. Bai taɓa jin Malam daga bakina ba.

"Subhanallahi, mi ne haka? Tashi, ɗiya na kallo."

"Ba zan tashi ba sai na faɗa. Yayanka ba shi da sauƙi. Ƙodojinsa sun mutu, inji ke riƙe da shi, kuma injin ba zai riƙe shi har abada ba. Ni an gwada ban dace ba. Ya hana ni in tambaye ka, ga shi na zo. Ina roƙon ka ba shi ƙodarka guda. Ba wasa nake ba. In ka ce a'a, ba zan riƙe ka a zuci ba, ko da yake ban yi alkawarin zan iya nan da nan ba."

Ya zauna a kan turmin da ke kife. Ya daɗe yana kallon ƙafarsa, ɗaya wankakkiya ɗaya da laka.

"Tun ranar kajin nan na gane," in ji shi. "Na ga idonki. Amma kin bar mani ƙofa a buɗe, ni ko na bi ta." Ya share fuska da hannu. "Wallahi tsoro nike ji. Ban taɓa kwana asibiti ba. In aka yanka ni na kasa duƙawa, wa za ya ci da waɗanga?" Ya nuna yaran da suka yi cirko-cirko a bakin ɗaki.

Tun daga Gusau na taho da wa'azi a shirye, mai kai da ƙafa, a kan ƙaunar ɗan'uwa. Na neme shi na rasa. Na ce, "Ni ma tsoro nake ji."

Ya ce in ba shi lokaci, zai yi shawara da malaminsu, zai yi da iyalinsa. Na ce na gode. Na yunƙura in tashi cikin mutunci, gwiwa ta ce ba ta san zancen ba. Sai da faccalata ta ajiye taɓarya ta zo ta ciccibe ni. Ko kallona ba ta yi ba. Ni a lokacin ban ma lura da ita sosai ba, ina ta kaɗe laka daga zanena.

Bayan kwanaki ya kira. Babu rediyo, babu tsokana. Ya ce, "Na yarda. Malam ya ce ceton rai ne, babu laifi. Zan zo a ɗebi jinin. Amma yanka sai na kai amfani rumbu, don likita ya ce ba ni ɗaukar nauyi bayan an yi." Ya zo, aka yi gwaje-gwaje kala-kala, aka tura wasu Kano, sakamako ya dawo sun dace. Maigidana ya yi kwanaki ba ya yi mini magana, wanda a wurinsa bambancin kaɗan ne. Sannan suka shiga ɗaki shi da ƙaninsa suka rufe ƙofa. Na laɓe ta taga, ba na musu. Ban ji komai ba sai zancen taki da tsadar iri. Suka fito idon kowa ja wur, aka wuce wurin.

Sai jira. A wannan damina na zama malamar gona ta ƙarfi da yaji. Ni da aka haifa a Sabon Gari, ban taɓa damuwa da abin da ke tsaye a gona ba sai ya zo gidana a buhu. Yanzu duk gonar da muka wuce sai na leƙa: gero ya yi ciki? Ya fid da kai? Addu'ata ta koma ta manoma, a ba mu ruwa, kada ya yi yawa, a tsare mana tsutsa, a tsare masu zuwa gona su dawo gida lafiya. Ranar da na ga ana gasa tumu a bakin titi na yi guɗa ni kaɗai. Da na ji an yanke gero na haɗa jaka tsaf, na kira ƙanin mijina na ce mun shirya.

Ya ce, "Saura dawa."

"Wace dawa kuma?"

"Dawa dai da kike tuƙawa. Ita sai ruwa ya ɗauke ta bushe."

Matar malamin gona fa, shekara ashirin da ɗoriya, ban san dawa tana bayan gero da nisa haka ba. Maigida yana kwance yana ji, ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Ni kuwa ban ga abin dariya ba. Raina ya ɓaci da dawa, da rana mai jan ƙafa, da ƙanin miji, na kuma rasa bakin cewa ya yi sauri. Wanda zai ba ka naman jikinsa ba ka ce masa ya gaggauta.

A tsakanin gero da dawa ne muka kusa rasa maigida. Ruwa ya taru masa a ƙirji, numfashi ya gagara, aka kwantar da shi. Ina zaune gefen gado ina kallon ƙirjin yana hawa yana sauka, babu abin da zan iya, ba kuma wanda zan ba umarni. Dogarar da na yi shekaru ina rabawa mata kyauta, ashe ba ta da guɗa ba ta da tulu. Wanke kwano ce, da dafa miya ba gishiri, da zama, da sake cewa, "Ubangiji, ka riƙe shi yau," gobe ma ka sake. Wani lokaci ina jin yana ji na, wani lokaci kamar da bango nake. Na ci gaba da faɗa, don ban san wani wanda zan faɗa wa ba. Ya farfaɗo, aka sallame mu.

Da dawa ta nuna, fasto ya yi shela, samarin mawaƙa suka cika mota suka tafi gayya ƙauyen, suka haɗu da samarin can suka kwashe gonar. Har bawan Allahn nan da ya sake benci ya je, ya dawo tafin hannunsa duk ya yi kanta. Ban taɓa gaya musu irin kallon da na yi musu ba, ina jin dai sun sani.

Aka sa rana a wani babban asibiti a Kano. Faccalata ta bar yara wurin uwarta ta biyo mu, tafiyarta ta farko mai nisa haka. Da safen aka gungura su a kan gadaje, ƙanin a gaba, wan a baya, kowa cikin 'yar rigar asibiti. Ƙanin mijina ya ɗago kai ya kalle ni, na ga yana neman abin tsokana ya rasa. Ni ma na rasa. Ƙofa ta rufe.

Muka zauna a benci ɗaya ni da ita. Na sunkuyar da kai na fara abin da na saba, Ubangiji ka sa ƙodar ta kama, ka sa jikinsa ya karɓa. Sai na ji bencin yana rawa. Na ɗago. Carbi ne a hannunta, amma ba ja take ba, damƙe shi ta yi, duk jikinta yana kakkarwa, ba hawaye ba sauti. Na kalle ta sosai, karo na farko, ita da ta ɗaga ni daga laka. Mijinta lafiyarsa lau ya shiga ɗakin nan, da ƙafarsa ya zo, kuma ni na je har tsakar gidanta na ɗauko shi. Duk damina ina ambaton ƙodarsa a gaban Ubangiji, safe da yamma. Shi kansa ban tuna na taɓa ambata ba, balle ita. Na matsa na kama hannunta, na sake addu'ar daga farko, da mutum biyu a ciki.

Rana ta yi sama sosai kafin ƙofar ta buɗe. Wata nas ta leƙo ta ce, "Ina matar majinyacin?"

Muka miƙe tare.

Nas ɗin ta kalle mu, ta ce wanda ya bayar ne ya fito, an gama nasa lafiya, ya fara farkawa, matarsa za ta iya zuwa ta leƙa shi. Ɗayan kuma ana kan aiki, da sauran lokaci. Na ji bakina yana cewa na gode Yesu, kuma har cikin raina na faɗa. Na saki hannunta na ce, "Je ki, maza je ki gan shi."

Ta yi taku biyu ta tsaya. Ta waiwayo ta dube ni, ni kaɗai a bakin bencin. Sai ta dawo ta zauna, ta gyara hijabinta.

"Sai naki ya fito, Yaya."

Na ce haba, na ce kada ta yi haka, na ce ni na saba. Ko motsi ba ta yi ba. Na zauna kusa da ita. Aka kira azahar ta yi salla a nan gefen bencin ta dawo. Da aka sake buɗe ƙofar can wajen la'asar aka ce shi ma ya fito, ƙodar ta kama aiki tun a kan tebur, ita ta riga ni fashewa da kuka.